Hannun Baba da Ƙotar Fartanya

Tun kafin ɓarin jikin mahaifinmu ya shanye, shi da ƙaninsa, wanda muke ce wa Baffa, sun yi shekaru ba sa magana. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, katanga ce kawai tsakanin gidajensu, gonakinsu kuma suna manne da juna a bayan ƙauyenmu, arewa da Dawanau, inda ko wajen shimfiɗa tabarma ba za ka samu ba sai mai shi ya fito. A kan iyakar gonakin akwai wata tsohuwar ɗorawa da kakanmu ya bari. Baffa ya ce inuwarta tana kashe masa gero, Baba ya ce ko reshe kada wanda ya taɓa. Ran nan Baba ya tafi kasuwa, ya dawo ya tarar da kututture. Washegari a ƙofar masallaci Baffa ya miƙa masa hannu kamar ba abin da ya faru. Baba ya dubi hannun, ya ce a gaban jama'a, "Hannuna ba zai sake shiga naka ba." Liman ya yi magana, mai unguwa ya yi, 'yan'uwa mata suka yi ta kuka, duk a banza. Baba mutum ne da in ya furta abu, ko shi kansa ba ya iya janye shi.

Ni ce babbar 'yarsa mace. Ina aure a Ungogo, ina koyarwa a wata firamare. A gidanmu an ce zuciyar Baba na ɗauko, bakin ne dai ba a san inda na samo shi ba. Don haka na fi kowa sanin cewa gabar nan tana cinsa. Inna ma ta gaya mini cewa a azumin ƙarshe da ya yi da lafiyarsa ya ce mata shi fa ya gaji, ba ya so ya gamu da Ubangijinsa yana gaba da ɗan'uwansa, zai shiga gidan Baffa da ƙafarsa. Ta ce masa, "To tashi mana, Malam, ga ƙofa can." Ya ce a bari a yi salla. Aka yi salla, ya ce a bari ya gama sharar gona.

A wajen sharar gonar ya faɗi. Da bazara ne, rana ta ɗaga, yana tattara tushiya zai cinna wuta. Yayana ne ya same shi a kwance, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Aka saka shi a adaidaita sahu sai asibiti cikin birni. Likita ya ce hawan jini ne ya fasa wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwarsa, ya kuma ja mana kunne cewa wanda ciwon nan ya taɓa kamawa yana iya sake dawo masa, kada mu yi wasa da magani. Wannan maganar ta zauna mini a rai daram. Ba zan ci haƙƙin Baffa ba, ya zo asibitin. Ya tsaya daga wajen ƙafafu yana ta jan carbi, amma a lokacin Baba bai san wanda yake kansa ba. Da zai tafi ya ce wa Inna, "In ya dawo gida ya san mutane, zan shigo."

Aka sallame mu. An ce mu riƙa kawo shi ɓangaren gashi, inda ake motsa wa irinsu gaɓoɓi, amma birni da nisa, ga ruwa ya sauka kowa ya koma gona, sai muka yi ta cewa mako mai zuwa. Na ɗauki hutu na dawo gida jinya. Hannun daman Baba a lokacin laƙwas yake kamar tsumma, in ka ɗaga ka saki sai ya faɗi. Magana kuma ta tafi. Yana jin duk abin da ake faɗa, yana ganewa sarai, amma in ya buɗe baki "to" kaɗai take fita. Abin mamaki, in ka gaishe shi sai amsa ta fito tsaf, lafiya lau, ba gajiya, kamar ba abin da ya same shi. Fatiha ma in an ja masa baki yana kai ta ƙarshe. Amma ya ce a ba shi ruwa, ina!

Inna ce ta kawo shawarar ƙota, mu duka kuwa muka ce ta yi tunani. Ta ce hannun da tun yana yaro yake riƙe da fartanya ba zai manta ta ba, a sa masa abin da ya saba da shi, in ya ji shi zai tuna. Yayana ya ɗauko tsohuwar fartanyar Baba, ya zare ruwan, wato ƙarfen, ya bar ƙotar, wadda gumi ya sa ta yi sumul har tana sheƙi. Muka riƙa ɗora masa ita a tafin hannu muna naɗe yatsun a kai. Da mun saki sai ta mirgine ta faɗi ƙasa. Mu ɗauka mu mayar.

Ana nan ana nan, wata safiya na sa masa ita na saki, ba ta faɗi ba. Na ɗan ja ta, na ji an riƙe. Na ƙwala wa Inna kira, ta fito da ludayi a hannu, ta gani, ta fashe da kuka tana hamdala. Ranar har ƙosai aka soya aka raba sadaka. Daga nan duk wanda ya zo dubiya sai an nuna masa. Mutum ya durƙusa ya kama bakin ƙotar ya ja, hannun ya riƙe, ya ƙara fizga da ƙarfi, hannun ya ƙara riƙewa ƙam. Sai ka ji ana cewa, "Kai, masha Allahu! Malam, ai ƙarfi ya dawo, bana da kai za a yi girbi." In kuma Baba ya yi hamma, sai hannun ya taso da kansa har wajen ƙirji, mata su ɗau kabbara. Kafin wani lokaci ba gidan da labarin bai shiga ba a ƙauyen, ballantana gidan da katanga ce kawai tsakaninmu.

Ni dai akwai abubuwan da ba su kwanta mini ba, amma ban san sunan da zan ba su ba. In za a yi masa wanka, zare ƙotar nan ya zama kokawa. Tafin hannun ya fara wari saboda ba ya shan iska, farata suna nutsewa cikin nama. Gwiwar hannun ta lanƙwashe ta manne da haƙarƙari. Ƙafar kuma akasin haka ta yi, ta miƙe ta sandare, in muka tayar da shi zai taka sai ya kewayo da ita ta gefe, yatsun suna jan ƙasa. Sannan duk murnar da ake yi, fuskar Baba ba ta cikinta. Kallon hannun yake kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ji sallamar Baffa a zaure. Shekara da shekaru muryar nan ba ta shiga gidanmu ba. Inna ta rasa inda za ta sa kanta, ta jawo sabuwar tabarma ta shimfiɗa. An gama yi wa Baba wanka ke nan, yana jingine da bango a inuwar rumfa, ƙotar tana ajiye a gefensa. Baffa ya shigo cikin farar riga, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban wansa, ya ce, "Yaya, na zo ne." Ya miƙa hannu.

Ina tsaye ina gani. Idon Baba ya ciko. Ya yunƙura da dukkan jikinsa, jijiyoyin wuya suka tashi, yana so ya kai hannun. Hannun kuwa sai ya yi abin da ya ga dama, ya naɗe ya hau ƙirji, yatsun suka dunƙule tamau. Baffa ya ɗan jira, sannan ya kai hannu ya kama tsintsiyar hannun ya jawo da sauri, irin jan da ake yi wa wanda ake so a ce masa haba dai, ya wuce. Hannun ya turje, ya koma inda ya fito. Na ga Baba ya ɗan ɗaga na hagu, sai kuma ya mayar, don a wajenmu ba a sulhu da hagu, miƙa ta ma wani cin fuskar ne. Ya buɗe baki yana neman magana. Abin da ya fito shi ne, "To."

Baffa ya miƙe ya kakkaɓe gwiwar wandonsa. Ya ce, "Na ji, Yaya. Hannun da yake yini riƙe da ƙota, nawa ne ba zai riƙe ba. Ka cika maganarka." Inna ta bi shi tana, "Tsaya ka ji," bai waiwayo ba. Ai mu da bakinmu muka cika gari cewa ƙarfi ya dawo. Me za mu ce masa yanzu? Baba ya riƙa dukan dunƙulallen hannun nan da na hagu, yana duka yana hawaye, har sai da na riƙe shi. Ranar bai ci abinci ba. Washegari ma kunu kaɗai ya kurɓa, ya juya fuska bango.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan huce a kansa, sai na huce a kan yayana. Na ce masa ko gero zai ruɓe a gona, ranar Litinin sai an kai Baba wajen gashin nan da aka ce. Aka samo mota muka tafi, ƙotar tana hannunsa kamar kullum.

Likitar gashin mace ce, 'yar siririya, ba ta da yawan dariya. Tana ganinmu ta ce, "Wa ya ba shi wannan sandar?" Na ce mu ne, na kuma ba ta labari da alfaharina, har da yadda maza suke ja ba sa iya ƙwacewa. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, buɗe hannun ka ba ni ita." Baba ya yi ta ƙoƙari har gumi ya keto masa, yatsun ko motsi. Ta dube ni ta ce, "Malama, hannun da yake da ƙarfi yana kamawa, yana kuma saki in mai shi ya so. Wannan ba shi yake riƙewa ba."

Na ce, "To wa yake riƙewa? Aljani?"

Ta ce in hau kan gadon gwaji in saki ƙafafuna. Ta ɗauko wata 'yar gudumar roba ta ƙwanƙwasa mini ƙasan ƙoƙon gwiwa. Ƙafata ta yi tsalle da kanta, saura kaɗan in haure ta. Ta ce, "Ke kika sa ta?" Na ce wallahi ban sa ta ba.

Sannan ta zauna ta yi mini bayani dalla-dalla, ni kuma na saurara kamar ɗalibar da aka kama ba ta yi aikin gida ba. Ta ce a cikin kowace tsoka akwai wasu ƙananan jijiyoyi da aikinsu shi ne su ji in an ja tsokar. Da sun ji ja, sai su aika saƙo zuwa laka, wadda take cikin ƙashin baya, lakar kuma nan take ta mayar da umarni cewa tsokar ta tsuke. Wannan zagayen ba ya jiran ƙwaƙwalwa, shi ya sa ƙafata ta tashi ban sani ba. A jikin mai lafiya, in ji ta, ƙwaƙwalwa kullum tana sauko da saƙo tana tsawatar wa laka, kamar uwar da take da yaro mai rawar kai, tana ce masa zauna, ba kai aka kira ba. Ciwon Baba ya lalata hanyar da tsawar take bi. A ɓangaren hagu na kansa jinin ya fashe, amma hanyoyin suna gittawa ne kafin su sauka, shi ya sa dama ta shanye. Da farko lakar kanta ta yi suman zaune, hannun ya saki. Da ta farfaɗo ta ga ba mai ce mata bari, sai ta shiga amsa kowane ƙaramin motsi da iyakacin ƙarfinta. Tsokokin da suke naɗe hannu sun fi masu miƙe shi rinjaye, sai hannu ya naɗe. A ƙafa kuma masu miƙewa ne suka fi, sai ta sandare.

Ta kama hannun Baba ta nuna mini. Ta ja shi da sauri, ya cije cak. Ta saki, ta jira, ta sake ja a hankali, a hankali, kamar ba ta so, sai ga gwiwar hannun tana miƙewa. Ta ce saurin jan ne yake tayar da jijiyoyin, gwargwadon fizgarka gwargwadon turjiyarsa. Na tambaye ta ko ƙotar ce ta jawo. Ta ce a'a, da ita da babu ita taurin nan zai zo, sai dai abu mai tauri a tafin hannu yana ƙara tsokano damƙar, jan da 'yan dubiya suke yi kuma ba abin da ya ƙara masa sai wahala. Ta lissafo mini abubuwan da suke ƙara taurin: sanyi, ciwo, matsuwar fitsari, hamma, yunƙuri mai yawa, da motsin rai.

Na ce, "Motsin rai kamar fushi?"

Ta ce, "Fushi, tsoro, har da murna. Lakar ba ta san bambanci ba."

Na ce, "Yanzu in wani da ya daɗe yana so ya gani ya shigo, ya yi ƙoƙarin miƙa masa hannu fa?"

Ta ce, "Ranar zai fi kowace rana dunƙulewa."

Na waiga na dubi Baba. Yana ta gyaɗa kai da ƙarfi, yana nuna ta da hagu, yana cewa, "To! To!" Tunda ya kwanta ban ga ya yi murna da maganar wani kamar ranar ba. Likitar ba ta yi mana alkawarin hannun zai sake buɗuwa da kansa ba, ta ce wannan sai abin da Allah ya yi. Amma ta koya mini yadda ake buɗe shi kullum don kada tsokar ta gajarce ta zauna a haka: a gasa da ruwan ɗumi, a fara daga kafaɗa, a sauko gwiwar hannu, sannan a zaro babban yatsa daga cikin tafin, sauran za su biyo. Ta ce kada a yi gaggawa, kuma a ɗauke masa hankali daga hannun da hira. Ƙotar kuwa ta miƙo mini ta ce a mayar da ita gona.

Gonar na kai ta, amma ba tamu ba. Kwana biyu bayan nan na saka ta cikin hijabina na nufi gonar Baffa da hantsi. Na same shi ya ajiye fartanya yana hutawa, kuma a ina? A kan kututturen ɗorawar nan. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ƙyar yana kallon gefe. Na fara bayanin laka da jijiyoyi, ya katse ni.

Ya ce, "Ke, kada ki kawo mini boko. Da hannuna na ji shi. Na ja, ya janye."

Na ce, "Baffa, ku ba ni izini in taɓa gwiwarku da wannan." Na zaro ƙotar.

Ya ce, "Au, dukana kika zo yi? Dama an ce ba ki da ta ido."

Na ce ba duka ba ne, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kawai ya sake ta. Ina jin don ya rabu da ni ya yi. Bugun farko na kuskure wajen, ya ce, "Kin gama?" Na biyu na samu daidai. Ƙafar ta yi sama, takalminsa na roba ya tashi ya faɗa cikin gyaɗa. Ya ce, "Kai!" Ya dubi ƙafar, ya dube ni. Ya ce, "Sake mu gani." Na sake, ta sake tashi.

Na ce, "Ku kuka ce ta tashi?"

Ya sake duban ƙafar. Sai na gaya masa sauran, yadda saurin ja yake sa hannun turjewa, da yadda murna take dunƙule shi kamar yadda fushi yake yi. Ya ce, "Amma ai ya ce mini to." Na ce, "Baffa, kunu aka ba shi to yake cewa, allura aka yi masa to yake cewa. Ita kaɗai ta rage masa." Na gaya masa abin da Baba ya faɗa wa Inna da azumi, da yadda ya daki hannun bayan fitarsa, da abincin da ya daina ci. Shi dai yana ta tsinkar ciyawa. Sai zuciyar gidanmu ta taso mini. Na ce, "Likita ya ce ciwon nan yana iya dawowa, in ya dawo kuma ba lalle ya bar mana shi ba. Shi ba zai iya takowa gidanku ba, ba zai iya buɗe baki ya ce ku yafe ba. In a makara kuke so ku gaisa da shi, to ku yi zamanku." Ban taɓa yi wa babba magana haka ba.

Can ya ce, "Ɗauko mini takalmina."

Na ɗauko na ajiye masa, na tafi ban san matsayin da muke ba. Kwanaki suka wuce ba labari. Ni dai kullum ina gasa hannun safe da yamma, ya buɗu, in wanke tafin in shafa mai, ya sake rufewa. Baba yana ɗan cin abinci, amma duk sallamar da aka yi a zaure sai ya ɗaga kai, in ya ji ba ita ba ce ya mayar.

Ran nan bayan la'asar, na sauke ruwan ɗumi ke nan, sai ga Baffa ba riga mai kyau ba komai, da kayan gonarsa, ƙafa duk taɓo. Ya yi sallama ya zauna a gefen daman Baba. Nan take hannun ya naɗe ya hau ƙirji kamar wancan karon. Baffa ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "To, Malama, ya ake yi?"

Na gasa hannun, na nuna masa inda zai riƙe a kafaɗa da gwiwar hannu. Baffa mutum ne mai garaje, ya fara ja, hannun ya cije. Na ce, "A hankali, Baffa. Kada ku kalli hannun. Shi ma kada ya kalla. Ku gaisa kawai yadda kuka saba."

Ya gyara murya. Ya ce, "Yaya, ina wuni?"

Baba ya ce, "Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Muryar Baba ce sak, ta da, ba gargada. Baffa ya ci gaba, ya gida, ya iyali, ya haƙuri, in ya kai ƙarshe ya koma farko. Mutanen da suka yi shekaru ba su gaisa ba, ai suna da gaisuwa a ajiye. Ina kallo gwiwar hannun ta sauko daga ƙirji kaɗan-kaɗan har ta kwanta a cinyar Baffa. Na nuna masa babban yatsa da ido. Ya sa nasa ya zaro shi a hankali, bakinsa bai daina ba. Manuniya ta saki, na tsakiya ya biyo, sauran suka bi. Tafin hannun Baba ya buɗe, fari fat saboda rashin rana. Baffa ya kifa nasa a kai.

Da tafi ya ji tafi, yatsun suka naɗo suka damƙe hannun Baffa ƙam, irin damƙar da suke yi wa ƙota. Baffa ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Wannan fa? Shi ne, ko lakar ce?"

Na san amsar, likita ta gaya mini. Kafin in buɗe baki, Baba ya ɗago hannun hagu, mai lafiyar, wanda yake jin maganarsa, ya ɗora a kan hannayen nan biyu ya danne. Baffa ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa su, kafaɗunsa suna rawa. Bai sake tambayata ba. Inna tana bakin ɗaki ta toshe baki da gefen mayafi. Suna nan a haka har aka kira magariba, sai da na zo na zare wa Baffa hannu yatsa-yatsa kafin ya iya tashi alwala.

Daga ranar aikin yamma ya bar hannuna. Ana sallame la'asar Baffa zai shigo ya ce a kawo ruwan ɗumi, har ya fi ni iyawa, har yana yi mini gyara. Hannun bai taɓa buɗuwa don kansa ba, maganar ma ba ta dawo ba. Ƙotar, yayana ya mayar mata da ruwanta aka ci gaba da noma da ita.

Ciwon ya dawo bayan an kwashe dawa, bai kuma bar mana shi ba, Allah ya jiƙansa. Baffa ne ya yi masa wanka. Da za su fita da makara ya tsaya kusa da ni a tsakar gida, ya yi ƙasa da murya, ya ce mini hannun a buɗe ya same shi, ko babban yatsan bai taɓa ba.